Daga Sakkwato Zuwa Maiduguri, Me Ya Kai Mu Abuja?

Wanda ke da taswirar Najeriya a kusa, ya ɗauko tsinken tsintsiya ya ɗora a kanta, kai ɗaya a Sakkwato, ɗayan a Maiduguri. Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III zuwa na Maiduguri kimanin kilomita 860 ne a miƙe. Sai ya duba inda tsakiyar tsinken ta faɗo. Ba Kano ba ce, ba kuma Dutse ba. Arewacin Jigawa ne, wajejen Garki, maƙwabciyar Sule Tankarkar ta kudu, daga nan layin ya gifta ta kusa da Gagarawa ya yi gabas. Da akwai jirgin fasinja da ke barin birnin Shehu kullum da safe ya nufi Barno kai tsaye, da minti 40 bayan tashinsa mai noma a ƙasar Gumel zai ɗaga kai ya hango shi, kafin ya zauna shan furar hantsi kuwa jirgin ya sauka a Maiduguri. Babban jirgi mai gudun kilomita 800 a awa, in an haɗa da lokacin hawa da na saukowa, awa ɗaya da minti 20 ya ishe shi. Ƙarami mai farfela, wanda gudunsa bai wuce kilomita 500 a awa ba, zai yi ta a cikin awa biyu.

Mu dai a Sule Tankarkar ba mu san wannan jirgi ba, domin ba haka ake tafiyar ba. Abin da aka saba shi ne, Basakkwacen da ke da uzuri a Maiduguri ya sayi tikiti biyu. Na farko ya kai shi Abuja, kimanin kilomita 490 yana yin kudu. Na biyu ya ɗauko shi daga Abuja ya sake yo arewa maso gabas da shi, kilomita 710. Jimla 1,200 ke nan, an ƙara masa kilomita 340 da bai nema ba. Ƙarin nisan ma ba shi ne abin damuwa ba, don a sama minti 30 ne. Zaman jira shi ne ke cin rai. Irin waɗannan garuruwa namu ba jirage ne ke zuwa musu bi da bi ba. In jirgin Maiduguri ya tashi da hantsi, na Sakkwato kuma bai iso ba sai bayan azahar, to mutum ya kwana a Abuja, ya biya masauki, ya biya tasi zuwa cikin gari da dawowa. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ta koma ta kwana da yini.

In ya ce mota zai bi, sama da kilomita 1,100 ne a gabansa: Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, Kano, Wudil, Shuwarin, Azare, Potiskum, Damaturu. Da, mutane kan yi wannan tafiya har cikin dare ba fargaba. Yanzu ba wanda ke bin tsakanin Gusau da Funtuwa bayan faɗuwar rana sai dole ta kama shi, kuma mai bin Damaturu zuwa Maiduguri agogo yake ta dubawa, don kada a rufe hanya yana baya. Ba mu manta da Auno ba. A watan Fabrairun 2020 matafiyan da suka iso an riga an rufe shingen shiga Maiduguri suka kwana cikin motocinsu, cikin dare aka auka musu, aka kashe aƙalla mutum 30. Saboda haka idan ana maganar jirgi tsakanin garuruwan Arewa, ba maganar jin daɗin masu hannu da shuni kaɗai ake yi ba. Akwai wanda jirgin nan ransa zai tsare.

Bari in dawo gida, don lissafin ya fi fitowa fili daga ƙofar gidanmu.

Ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kimanin 130,000, tana tsakanin filayen jirgi biyu, kowanne kimanin kilomita 100 a miƙe: na Malam Aminu Kano, da na Dutse, wanda yanzu ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi. A takarda muna cikin masu sa'a. To amma a ce wani magidanci daga ƙauyukan Danzomo ko Amanga an tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri da mahaifinsa mai ciwon ƙoda. Babur zai fara hawa tun asuba, tsohon a tsakiya, shi a baya yana riƙe da shi, ɗan acaba yana kokawa da rairayi. A tasha ya tarar da Golf a tsaye, ɗan kamasho yana ta "Gumel, saura mutum ɗaya!", alhali uku suka rage. Biyu a gaba, huɗu a baya, buhun riɗi a but, an ɗaure murfin da igiya. A Gumel a sauke su, su sake jiran wata motar ta cika. In ranar Lahadi ce, cinkoson kasuwar Gujungu kaɗai ya isa ya cinye musu rabin awa. Kafin su ga ƙofar filin jirgi, na Kano ne ko na Dutse, awa uku zuwa huɗu ta tafi, ga kuma ƙa'idar a iso da wuri kafin lokacin tashi.

Daga Dutse zuwa Maiduguri kilomita 410 ne kacal ta sama, awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgi mai farfela. Amma jirgin da zai samu a Dutse, in ranar tashinsa ce, Abuja za shi, kilomita 380. Daga can a sake kilomita 710. Tafiyar 410 ta zama ta 1,090, ta kusa ninkawa uku. Magidancin nan ko da yana da kuɗin, hankali ba zai bar shi ya hau ba. Gara ya bi ta Malam Madori da Haɗeja, ya faɗa Azare ko ya zaga ta Nguru da Gashuwa, ya yini a mota da marar lafiya a jingine da kafaɗarsa. Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: muna da filin jirgi na ƙasa da ƙasa a jiharmu, amma mota mai hayaƙi ta fi shi saurin kai mu jihar da ke gabas da mu.

Ba na cikin masu cewa filin Dutse asara ne. Gwamnatin Sule Lamido ce ta gina shi, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe shi a 2014, kuma duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai na Kano a da, ya ga yadda tsofaffinmu ke kwana da kwanaki a kan tabarma suna jiran a kira jirginsu, ya san sauƙin da aka samu. Yau alhajin Jeke ko na Dangwanki daga jiharsa yake tashi, ya ratsa sama da kilomita 3,300, cikin awa biyar ko abin da ya ɗan ɗara yana ƙasa mai tsarki. Ko da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, aka rufe samaniyar ƙasar, jirage suka koma zagaye, tafiyar ba ta kai ta yini ba. Sai dai a nan ne abin yake ƙara ciwo. Bajigawe ya fi saurin isa Jidda a kan Maiduguri. Aikin Hajji kuwa sau ɗaya ne a shekara. Sauran watannin fa?

Ba haka aka faro ba. Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarki Usman, daga gabas suka fito. Uku ne, na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka biyo ta Khartum da Darfur da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka sauka a filin sukuwa. A 1936 da kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja zuwa Kano, ta Khartum ya ɓullo. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suka bi suka tafi Masar. Turawan ba su ƙirƙiro wannan hanya ba. Sawun kakanninmu suka bi, waɗanda suka riƙa tafiya Makka a ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, wasu su shekara bakwai, wasu su zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Gumel kanta a kan wannan hanya take. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya bar Kano a 1851 zai tafi Kukawa, ta Gumel ya bi, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa, ayarin Barno da na Kano suna haɗuwa a cikinta.

Ƙasarmu a kwance take daga yamma zuwa gabas, haka cinikinmu da auratayyarmu da neman iliminmu suka kwanta. Almajirin da ya ce ya tafi gabas kowa ya san inda ya nufa. Jirgin ƙasa ne ya fara juya mu. Ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya ratsa Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, kuma dukkan rassan nan aikinsu ɗaya ne, su kwashi gyaɗa da auduga da fata su gangara da su bakin teku. Ba a taɓa shimfiɗa dogo daga Sakkwato zuwa Barno ba. Mai mulkin mallaka yana da dalilinsa, ba don mu ya zo ba. Abin tambaya shi ne, mu da muka karɓi ragama sama da shekara 60, me ya sa muka maimaita wannan zane a sararin sama, inda babu dutsen da za a fasa, babu kogin da za a yi wa gada? Da can duk hanyoyin Ikko suke nufa, yanzu kuwa Abuja.

Kada a ce rashin 'yan kasuwa ne. Arewa ba ta taɓa rasa masu zuba dukiya a harkar jirage ba. Marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air tun 1980. An yi Chanchangi, an yi IRS. Ga Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, ga Azman, ga Rano Air da ya fara jigila a 2023. A Zariya muna da kwalejin horar da matuƙa tun 1964. Kuma ban ga laifinsu ba da suka fi karkata ga Abuja da Legas. Mai jirgi da dala yake hayar jirginsa ko ya saye shi, da dala yake sayen kayan gyara, sau da yawa ƙasar waje yake kai shi babban garambawul, man jirgi kuma shi kaɗai yana cinye kaso mafi tsoka na abin da yake kashewa. Fasinja kuwa naira yake biya. Jirgi irin Boeing 737 yana da kujeru wajen 140. Wanda ya tashe shi daga Sakkwato zuwa Maiduguri da mutum 30 a ciki, wata uku ba zai yi ba zai rufe. Abuja ce inda ake rabon kwangila, can ma'aikatu suke, can ofisoshin jakadanci suke, saboda haka can kujeru ke cika. Ɗan kasuwa ya yi lissafinsa daidai. Gwamnatocinmu ne ba su yi nasu ba.

A duba abin da muka kashe. Sakkwato na da fili, Birnin Kebbi na da shi, Katsina, Kano, Dutse, Bauci, Gombe, Damaturu, Maiduguri, Yola, Jalingo, Kaduna, Jos, Minna. Zamfara ta ƙaddamar da aikin nata a Gusau a 2024. Kowane ɗaya biliyoyin naira ya ci, kuma bayan an yanke ƙyalle kashe kuɗi bai ƙare ba: ma'aikatan kashe gobara, masu kula da hasumiya, jami'an tsaro, janareta, shinge, gyaran kwalta. Hukumar FAAN mai kula da filayen jirage da bakinta ta sha faɗa cewa filaye ƙalilan ne a ƙasar nan ke iya riƙe kansu, sauran ɗaukar nauyinsu ake yi. Mu mutanen wannan yanki mun san rijiya mai zurfi, mun san kuma cewa komai kyan gininta, in babu guga da igiya ba ta shayar da kowa. Mun haƙa rijiyoyi goma sha, kowane gwamna yana alfahari da tasa, ba wanda ya tsaya ya yi maganar guga.

Wasu ƙasashen da ke da garuruwa masu nisa da mutane kaɗan sun daɗe da gane cewa kasuwa ita kaɗai ba za ta haɗa su ba. Arewacin Norway ƙasa ce ta duwatsu da ƙanƙara, mafi yawan garuruwanta ba su kai Gumel yawan jama'a ba. Tun ƙarshen shekarun 1960 suka fara gina ƙananan filaye, titin jirgin bai fi mita 800 ba, babu wani ƙaton gini. Gwamnati ke tallata hanyoyin, ta ce tana son jirgi ya sauka a gari kaza sau kaza a rana, kuɗin tikiti kada ya wuce kaza, kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta shi za a ba. Kamfanin Widerøe ya daɗe yana wannan aiki da jirage masu kujeru 39, yana sauka gari bayan gari, yana sauke wasu yana ɗaukar wasu. Amurka, duk da kirarin da take yi wa kasuwa, da ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, a cikin dokar nan ta tanadi tallafi don kada a yi watsi da ƙananan garuruwa, kuma har yanzu tana biya. Indiya ta fito da shirin UDAN a 2016, jirgin farko ya tashi a 2017. Aka ƙayyade cewa rabin kujerun tafiyar awa ɗaya kada su wuce rupi 2,500, aka kuma ɗora ɗan haraji a kan manyan hanyoyi masu riba don cike giɓin. Wasu hanyoyin sun mutu da tallafin ya ƙare, wannan gaskiya ne, kuma ya kamata mu sani tun yanzu. Wasu kuwa sun tsaya da ƙafafunsu.

Abin da nake kira a yi ba sabon fili ba ne, ba kuma kamfanin jirgi na gwamnati ba. Mun ga yadda Nigeria Airways ya ƙare, mun ga abin da ya faru da Nigeria Air a 2023. Jihar Akwa Ibom ta kafa Ibom Air a 2019 kuma yana aiki, amma tana da kuɗin mai da mu ba mu da shi. Mu kujeru ya kamata mu saya, ba jirage ba. Gwamnonin Sakkwato, Kebbi, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe da Barno su zauna su haɗa asusu ɗaya. Su tallata hanya guda daga yamma zuwa gabas, ga duk kamfanin da ke da jirgi mai farfela mai kujeru 50 zuwa 70. Kwana uku a mako ya tashi daga Sakkwato, ya yi awa ɗaya ya sauka a Kano, kilomita 370 ke nan, ya tsaya minti 30, ya wuce Maiduguri, kilomita 500. Duka tafiyar ba ta kai awa uku ba, da la'asar ya juyo. A sauran kwanakin ya bi ta Katsina da Dutse. Jihohin su lamunce wa kamfanin adadin kujeru a kowane tashi, in sun cika ba su biya komai ba, in ba su cika ba su cike ragowar.

A matsayina na ɗan Jigawa da na so in ce Dutse ce za ta zama mahaɗa, tunda ita ma a kan layin take. Amma tsakaninta da Kano kilomita 90 ne kawai, kuma Kano ce ke da fasinja. In muka nace a kan son kai, shirin tun a takarda zai mutu. Kwana biyu ko uku a mako da jirgi zai sauka a Dutse ya yi gabas ko yamma ya fi mana alfahari da fili marar jirgi.

Kuɗin ba zai gagara ba. Akwai jihohin da tuni suke biyan kamfanoni su riƙa zuwa musu, kowace ita kaɗai, kuma duk Abuja ake zuwa. Akwai Hukumar Raya Arewa maso Gabas tun 2017, an kafa ta Arewa maso Yamma a 2024, ga kamfanin NNDC da ke Kaduna mallakar jihohin Arewa 19. Ga abin da ake kashewa wajen hayar jirage na musamman duk lokacin da manya za su je ta'aziyya ko ɗaurin aure a jihar da ke maƙwabtaka da su, kuma dalilin hayar shi ne wannan rashin da nake magana a kai. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa, kuma ba na sassautawa a kansa: komai a fili. A buga sunan kamfanin da ya ci, da abin da aka biya shi, da yawan mutanen da suka hau, duk wata uku. A ba shirin shekara uku. Hanyar da ta kasa samun fasinja a rufe ta. Tallafin da ake ɓoye lissafinsa mun san inda yake ƙarewa.

Na san abin da za a ce mini, don a majalisarmu ta ƙofar gida an faɗa mini shi ba sau ɗaya ba. Wani dattijo ya ce, "Malam, mu da muke neman kuɗin taki, ina ruwanmu da jirgi?" Maganarsa tana da nauyi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, tikitin zuwa Abuja kaɗai ya haura haka, manomin gero kuwa ko albashin ba shi da shi. Mafi yawan mutanen Shabaru da Takatsaba ba za su hau wannan jirgi ba, ko an rage kuɗinsa. Ba zan yaudari kowa ba.

Amsar da na ba shi ita ce, Baba, ba sai ka hau ba kafin ya amfane ka. Ƙwararrun likitocin Arewa 'yan kaɗan ne, kuma a tattare suke a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Likitan da zai iya barin Maiduguri da safe, ya yi tiyata a Dutse, ya koma gida washegari, zai yarda ya zo duk wata. In kwana biyu zai yi a hanya ta inda ake tare mutane, ba zai zo ba, kai ne za ka sayar da tumakinka ka bi shi. Haka malaman jami'a. Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel duk suna buƙatar manyan malamai masu zuwa daga wasu wurare su koyar ko su duba jarrabawa, kuma 'ya'yanmu ne ke zaune a azuzuwan. Haka jini da allurar rigakafi da samfurin da ake kaiwa ɗakin gwaji in annoba ta ɓulla, abubuwan da zafin hanya ke lalatawa. Haka mai sayen kaya. Duk ranar Alhamis Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da Yobe da ko'ina, da daddare tireloli su yi jerin gwano su nufi kudu. Riɗinmu da zoɓonmu har ƙasashen waje ake kai su. Saniya ba za ta hau jirgi ba, amma mai kuɗin da zai zo ya kafa mayanka ko injin gyaran riɗi yana duba awa nawa zai yi kafin ya iso. Yankin ciniki marar haraji na Maigatari ya fi shekara 20 da kafawa, har yau bai zama abin da aka yi mana alkawari ba, kuma wahalar isowa na cikin dalilan.

Duk da haka dattijon ya fi ni gaskiya a wuri ɗaya. Awa ɗaya a sama ba ta da amfani ga wanda zai yi awa huɗu kafin ya kai filin. Saboda haka rabin wannan magana a ƙasa take. Hanyar Maigatari zuwa Gumel zuwa Gujungu, da wadda ta haɗa Sule Tankarkar da Gumel, da waɗanda ke shiga ƙauyuka, su ne farkon titin jirginmu, a riƙa kula da su kafin damina ta cinye gefensu. A samar da bas ɗaya mai lokaci, wadda ke barin Gumel a ƙayyadadden lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba, ta kai mutane filin Dutse daidai da tashin jirgi. Wannan ba ya buƙatar biliyan. Idan kuma wani ɗan takara ya zo mana da alkawarin gina filin jirgi a Gumel ko Haɗeja, mu gode masa, mu ce ya kai kuɗin asibiti da rijiyoyin burtsatse.

Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke tasowa daga Chadi ta rufe mana rana, jirage kan kasa sauka a Kano da Maiduguri da Sakkwato, a soke tashi, mutane su yini a zaune a kan jakunkunansu. Duk shekara yana zuwa, ba baƙo ba ne. Filin da za a sa a wannan hanya dole na'urorin saukar da jirgi cikin hazo da fitilun dare su kasance suna aiki, ba a jira sai lokacin jigilar alhazai a gyara su ba. In jirgi ya saɓa alkawari sau uku a jere, ɗan kasuwa zai koma tasha, kuma ba zai dawo ba.

Akwai fili na uku da ban ambata ba. Daga Sule Tankarkar zuwa filin jirgin Damagaram kimanin kilomita 125 ne a miƙe, kaɗan ya ɗara na Kano nisa. Tsakanin Kano da Damagaram kilomita 200 ne, tafiyar da ba ta kai minti 45 ba a sama. Mu da su abu ɗaya ne. Tumbi, tsohon mazaunin sarakunan Gumel, yau a cikin Nijar take. Siyasa ta shiga tsakani tun juyin mulkin da aka yi a Nijar a Yulin 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, kuma Maigatari ta ɗanɗana kuɗarta a watannin nan. Ba yau za a yi wannan ba. Amma in hanyar cikin gida ta tsaya, reshen Damagaram da Maraɗi shi ne na gaba, tunda ga dogon Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa tun 2021.

Kirana ga Gwamna Umar Namadi shi ne ya ɗauki wannan magana ya kai ta teburin gwamnonin Arewa, domin jiharsa ce a tsakiyar layin, ita ce kuma ke da filin da ya fi buƙatar jirgi. Ɗan majalisar da ke wakiltar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a Abuja, da sanatanmu, su nemi a sa tallafin ƙananan hanyoyin jirgi a cikin doka, yadda ba zai mutu da saukar gwamna ba. Mu kuma masu zaɓe, duk wanda ya zo neman ƙuri'a yana lissafa mana gine-gine, mu tambaye shi awa nawa marar lafiya zai yi daga Danzomo zuwa Maiduguri, da abin da zai yi don ya rage ta.